Rahab Matta, Wadda Ta Hana Kwamfutar Raba Iri Sandarewa

Ƙarfe bakwai saura kwata, kowace ranar aiki, Malam Sulemanu kan sauke matarsa Rahab a ƙofar cibiyar raba iri da ke bakin titin Funtua zuwa Malumfashi, ya juya kan babur ɗinsa ya nufi firamaren da yake koyarwa. In ban da maigadi, babu mai riga ta zuwa. Takan buɗe ɗaki na uku daga hannun dama, ta yaye mayafin atamfa da ta ɗinka wa kwamfutar da hannunta, ta sa a tayar da janareto, ta jira sai ƙararsa ta daidaita kafin ta taɓa makunni. Daga nan ta zura faifai, ta zauna ta yi 'yar addu'arta a zuci, na'urar kuwa tana ta gurnani har koren rubutu ya bayyana a allo. Kafin sauran ma'aikata mu iso, ta gama jera takarda a firinta, ta buɗe taga, ta gaisa da manoman da suka fara yin layi.

Ni malamin gona ne a wannan cibiya a wancan zamani, kuma tagar da nake miƙa wa manoma takardunsu tana daf da teburinta. Abin da zan faɗa game da ita, yawancinsa a gaban idona aka yi. Sauran kuma na ji daga bakin waɗanda suka gani.

'Yar Kafur ce. Mahaifinta, Matta, manomi ne kuma dattijon coci, shi ya dage sai ta koyi aikin tafireta bayan ta gama makarantar mishan. A shekarar 1976 aka ɗauke ta aiki. Shekara goma cur tana buga wasiƙu da sunayen ƙauyuka, har ta kai ba a ganin yatsunta in tana sauri. Saboda haka da aka kawo mana kwamfuta a 1986, manajanmu, Alhaji Maiwada, bai tsaya dogon tunani ba. Ya dubi madannan, ya ga sun yi kama da na tafireta, ya ce a kira Malama Rahab.

Aikin na'urar ba mai wuyar ganewa ba ne. Manomi ya faɗi sunansa, ƙauyensu, girman gonarsa, da ko jigawa ce ko fadama. Ita kuma ta shigar. Sai kwamfutar ta duba faifai ta ga yadda ruwan sama ya saba sauka a yankin, ta zaɓar masa irin masara ko dawa da ya dace da ƙasarsa, ta faɗi mudu nawa zai ishe shi, ta buga a takarda. Ya ɗauki takardar ya kai sito, a auna masa.

Matsalar ita ce, daga lokacin da Rahab ta danna madanni na ƙarshe har takarda ta gama fitowa, minti huɗu ne, wani lokaci biyar. A tsawon wannan lokaci allo ya sandare. Ko me ka danna, sai dai ta yi maka ɗan kuka kamar ɗan tsako. Rahab na zaune, manomi na gaba na tsaye a taga yana kallonta, ita ma tana kallonsa. In mun yi ƙoƙari ƙwarai mukan sallami mutum casa'in a rana, alhali waɗanda ke ƙarƙashin dalbejiya suna jira sun fi ɗari uku. Manoma har suna suka raɗa wa na'urar, Mai Suma.

Wanda bai san noma ba zai ce ai jira ne kawai. Amma in ruwan shuka ya sauka, manomi ba ya iya kwana uku a layi. Sai ya koma gida ya buɗe rumbu, ya shuka tsohon irin da ya gaji. Mun ga mutanen Bakori da na Dayi sun yi ta tafiya haka, hannu wofi, a daminar farko. Rahab takan bi su da kallo ta taga, ta kasa cin abincin da ta ƙunso daga gida.

Zaman jiran nan ne ya koya mata abin da ba wanda ya lura da shi a cikinmu. Ta kasa kunne ta ji cewa in allo ya sandare, ba wani aiki na'urar ke yi ba. Faifai kan yi ƙara na ɗan lokaci ya yi shiru, sai firinta ta ɗauka, tana jan layi ɗaya bayan ɗaya. Ita kwamfutar tsayawa kawai take tana jiran firinta ta gama.

Akwai injiniyan da kan zo daga Kaduna duk bayan wata uku ya duba na'urar, sunansa Adewale. Haifaffen Funtua ne, iyayensa 'yan kasuwa, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Da ya zo ta tare shi da tambaya.

"Injiniya, me ya hana ta saurare ni tana jiran firinta? Ai ba komai take yi ba."

"Haka aka rubuta mata, Madam," in ji shi. "Ta gama wannan, sannan ta kama wancan. Manyan na'urori na jami'a su ne ke haɗa ayyuka."

"Wa ya rubuta mata?"

"Wani mutum ne. Ya daɗe da komawa ƙasarsu."

"To in mutum ne ya rubuta, ai mutum zai iya sakewa."

Adewale ya yi dariya, amma da zai tafi ya bar mata littattafai biyu masu kauri, da faifan da ke ɗauke da umarnin manhajar yadda aka rubuta shi tun farko. Ya ce ta kwafa ta yi wasa da kwafin, kada ta kuskura ta taɓa na asali.

Wata biyar ta yi a kan wannan abu, duk tsawon rani. Alhaji Maiwada ya yarda a bar mata janareto na awa ɗaya bayan an tashi aiki. Da yake awa ɗaya ba ta isa komai, a gida take rubuta umarnin da fensir a littafin makaranta, da la'asar, a gindin mangwaron tsakar gidansu, 'yarta Susana na goye a bayanta. Washegari ta shigar, na'urar ta ƙi, ta koma ta goge. Malam Sulemanu ya gaya mini cewa har kalmomin Turancin da suka shige mata duhu shi yake nemo mata a ƙamus ɗin makarantarsu, ba tare da ya san abin da suke nufi a wurin na'ura ba.

Abin da ta ƙulla shi ne wannan. Ta raba aikin gida huɗu. Na gaba, shi ba ruwansa da komai sai madannai da allo. Sauran ukun a baya suke, takan kira su leburorinta: ɗaya ya nemo bayani a faifai, ɗaya ya adana, ɗaya ya tura wa firinta. Ba wanda aka yarda ya riƙe na'urar har ya gama aikinsa. Kowa ya yi ɗan kaɗan, layi ɗaya tak, ya saki, a koma wurin na gaba a ga ko an danna wani abu, sannan a ba wani lebura. Har yanzu abu ɗaya kwamfutar ke yi a lokaci guda, amma saurin karɓa-karɓar ya fi ƙarfin ido da yatsa. Masu rubuta manhaja na yanzu suna da sunaye da kayan aiki na musamman don wannan. Ita fensir gare ta.

A watan Mayun 1987 aka fara aiki da shi. Ba zan manta safiyar ba. Ta gama shigar da mutum na farko, firinta ta fara ƙara, sai kawai na ji ta ce wa na biyu, "Baba, sunanka?" Tsohon ya waiga ya dubi firinta, ya dube ta, ya ce, "Yau ba ta suma ba?" A ranar mun sallami mutum ɗari biyu da sittin. Kafin mako uku layi ya ƙare, ba wanda ya koma gida ba iri.

Da na gaya mata zan yi wannan rubutu, sharaɗi ɗaya ta kafa mini: in ba zan faɗi abin da ya biyo baya ba, in bari.

Ƙarshen watan Yuli, wani manomi daga wajen Dayi mai suna Malam Jibo ya shigo cibiya riƙe da karan masara da ya tuge da saiwarsa. Dattijo ne mai sanyin magana, iyalinsa mutum goma sha huɗu, gonarsa kuwa jigawa ce mai saurin bushewa. Ya ajiye karan a kan taga.

"Malama, masarar maƙwabtana duk ta fara goyo. Tawa sai tsawo take yi. Rana ɗaya muka shuka, a nan kuma muka karɓi iri."

Na duba karan. Irin fadama ne, mai wata huɗu. A jigawar Jibo, in ruwa bai kai Oktoba ba, ba abin da za a cire.

Rahab ta karɓi takardarsa ta gwada da abin da ke faifai. A faifai, iri mai wata uku aka zaɓar masa, daidai. A takarda, sunansa ne a sama, amma irin da ke rubuce a ƙasa na mutumin da ya biyo bayansa a layi ne, wani mai fadama daga Bakori. Sannan ta ce wa Jibo ya zauna a inuwa, ta ɗauko littafin fensirinta.

Kafin azahar ta gano. Wuri ɗaya ta tanada a cikin na'urar inda ake ajiye sakamakon manomi, daga nan leburan firinta ke ɗiba layi-layi. Yawanci yakan gama kafin ta kammala shigar da mutum na gaba. Amma in firinta ta ɗan yi nawa, ita kuma yatsunta suka yi sauri, sai sakamakon na biyu ya hau kan na farko tun ba a gama bugawa ba. Saman takarda na wani, ƙasanta na wani.

Ta shiga ofishin Alhaji Maiwada, ni ina biye da ita. Da ta gama bayani ya cire tabarau ya shafa fuska.

"Zan rubuta wa hedikwata cewa inji ya yi kuskure," in ji shi. "Ba wanda zai yi mamaki. Ke kuma ki gyara a hankali."

"Ranka ya daɗe, inji bai yi kuskure ba. Abin da na rubuta masa shi ya yi."

"Malama Rahab, kin san abin da zai biyo baya in na rubuta haka?"

"Na sani. Amma ba Malam Jibo kaɗai ba ne, akwai wasu. In muka ce inji ne, ba wanda zai tashi nemansu."

Kwana huɗu muka yi, ni da ita da Hajjo, abokiyar aikinta a ɗakin tafireta, muna gwada kwafin takardu sama da dubu uku da abin da ke faifai, ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya muka samu. Alhaji Maiwada, Allah ya jiƙansa, ya buɗe sito ya fitar da irin wake mai saurin nuna, ya ce a kai wa kowannensu ya shuka a tsakanin masarar, tunda lokacin wake bai wuce ba. Ni ya kamata in kai, aikina ne. Rahab ta ce sai ta je. Haka muka yi ta zagaye, ni a babur ɗina da buhu a baya, ita a bayan Malam Sulemanu, cikin taɓon Agusta. Duk ƙofar da muka tsaya, ita ke magana: "Ni ce na buga maka takarda. Kuskurena ne."

Wasu sun ce ba komai, haka Allah ya so. Wani mutum a hanyar Kafur ya karɓi waken, ya shige gida. Har ya bar duniya in ya gan ta a kasuwa sai ya kau da kai, kuma ban taɓa jin ta ga laifinsa ba.

Ruwa ya ɗauke a tsakiyar Satumba. Masarar Jibo ta bushe a tsaye, abin da ya cira bai cika buhu biyu ba. Waken ne ya yi. Da kaka Malam Sulemanu ya ɗora dami uku na dawar gonarsu a amalanke ya aika masa. Jibo ya karɓi ɗaya ya mayar da biyu, ya ce a gaya wa Malama ita ma tana da bakunan ciyarwa.

Hedikwata ta aiko takarda cewa a koma wa tsohuwar manhaja, mai buga tafireta kuma ta koma kan tafiretarta. Ta koma, ba gardama. Amma littafin fensir bai bar jakarta ba. Alhaji Maiwada ya yi ta rubutu yana roƙon a ba ta dama sau ɗaya, a gwada a gaban injiniya, har aka amince.

Gyara uku ta yi. Na farko, kowane manomi da nasa ƙunshin bayani daban, a jera su a layi, kuma ba mai rubutu a kan ƙunshi sai firinta ta gama da shi. Na biyu, ba leburan da zai tsaya jiran wani abu: in firinta ba ta shirya ba, ya wuce, ya sanar da na gaban nan mai kula da madannai, shi kaɗai ne mai ikon rubutu a allo. Na uku ba na na'ura ba ne, na idon mutum ne. Ta sa a riƙa buga sunan manomi sau biyu, a sama da kuma can ƙasa kusa da sunan iri, don ni da ke taga in duba kafin in miƙa.

A watan Fabrairun 1988 Adewale ya zo gwaji. Ya ce shi ba gani ya zo yi ba, ɓatawa ya zo yi. Aka zaunar da Hajjo ta yi ta zuba sunayen ƙarya da iyakar saurinta. Yana tsaye a baya, can sai ya fizge takarda daga firinta. Allo bai tsaya ba. Wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa, da Hausa: "Takarda ta ƙare. Mutum uku na jira." Hajjo ta ci gaba, ukun ya zama bakwai. Ya mayar da takarda, bakwai ɗin suka fito a jere. Ya kashe firinta ya kunna. Ya buɗe ƙofar faifai ana tsakiyar aiki. Takardu ɗari biyar aka buga a ranar, muka baje su a kan tabarma muka duba sama da ƙasa. Babu ko ɗaya da ta haɗu da wata.

Adewale ya zauna a bakin tebur, ya ce, "Madam, ki ba ni kwafi. Akwai cibiyoyi huɗu da ke fama da wannan suman." Ta ba shi. An yi shekaru ana aiki da shi a wuraren da ba ta taɓa takawa ba. A takardar rahoton da ta biyo baya, an rubuta cewa an inganta manhaja. Ba a faɗi wanda ya inganta ba.

Da aka buɗe rabon iri na daminar nan, Malam Jibo na cikin mutum goman farko. Na miƙa masa takardarsa, bai karɓa ba. Ya leƙa ta taga.

"Malama, karanta mini da bakinki. Sama da ƙasa."

Ta tashi ta zo ta karanta: sunansa, jigawa, iri mai wata uku, mudu shida, sunansa kuma.

"To, madalla," in ji shi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ta ya Susana, ya wuce sito.

Maman Susana, ke ce kika zauna gaban abin da kowa ke jin tsoron taɓawa, kika kasa kunne har kika ji inda yake ɓata lokaci. Ke ce aka buɗe miki ƙofar kuɓuta a ofishin manaja kika ƙi bi, kika zaɓi taɓon Agusta da ƙofofin mutum goma sha ɗaya. Na yi aiki da masu digiri da yawa bayan wannan, waɗanda suka fi ki sanin na'ura nesa ba kusa ba. Ban ga wanda ya kai ki tunawa da mutumin da ke tsaye a taga ba.

An rufe cibiyar tuntuni, ɗakin na uku yanzu wani ke ajiye buhunan masara a ciki. Rahab ta ƙarasa aikinta a sakatariya ta yi ritaya, sannan ta buɗe ɗan aji a zauren gidanta a Malumfashi, tana koya wa matan aure da zawarawa aikin kwamfuta, Musulmi da Kirista a benci ɗaya. A watan jiya ta rufe ajin, don idanunta sun daina ganin rubutun allo. Mu tara muka halarci ɗan taron rufewar. An sha lemo, an ci cincin, Malam Sulemanu ya yi addu'a, Hajjo ma ta yi tata. Ba wani babba da ya zo, ba a kuma gayyaci kowa ba.

Da za mu tashi na tambaye ta abin da ta fi kewa a duk shekarun nan.

"Watan Mayu," in ji ta. "Ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko yana shigowa ta taga, firinta na ta aikinta a bayana, ni kuwa ina tambayar mutum ya ya baro gida."

Ku matasan da ke rubuta manhaja a yau, a Funtua ko Katsina ko duk inda kuke, in abin da kuka ƙera ya sandare, ku tuna akwai wanda ya baro gonarsa ko shagonsa yana tsaye yana jira. In kuka raba aiki a bayan fage, ku duba da kyau kada hannu biyu su haɗu a wuri ɗaya. In kuma sun haɗu, wani ya cutu, kada ku ce inji ne. Ku nemi gidansa ku je. Wanda kuma hanya ta biyo da shi Malumfashi, ya tsaya ya gaishe ta tun tana ji, kowa a unguwar ya san gidan.

Malama Rahab, a madadin waɗanda suka ci tuwon masarar da ta fito daga takardunki ba su san sunanki ba, mun gode. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar ki da Malam Sulemanu, ya saka miki da alheri.